Sharaɗi na Uku a Kan Motar Mai Shari'a

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana saurayi. Nagane kowa yake kiransa, saboda ba a taɓa fara yi masa magana an kai ƙarshenta ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa maka zancenka da abin da ko a mafarki ba ka yi niyyar faɗa ba. Akwai ranar da likita ya fara yi masa bayanin magani, ya ce ya gane, ya koma gida ya shanye na shafawa. Kwana biyu ya yi a kwance, da ya tashi ya ce dama gwaji yake yi.

In ka tambaye shi sana'arsa, zai gyara zama ya ce harkar intanet. Matarsa Auta, malamar makaranta ce, shekara goma sha ɗaya tana jiran ranar da harkar nan za ta shigo gida da ko sabulun wanki, har yau shiru.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Nagane a maƙogwaro, shi ne surukinsa. Tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, unguwa na kiransa Mai Shari'a. Tunda aka haɗa zuri'a bai taɓa kiran Nagane da wani suna ba sai "mijin Auta", bai kuma taɓa aikensa abin da ya wuce sayen burodi ba. Wannan abu yana ci wa Nagane rai matuƙa. Burinsa a duniya bai wuce ranar da tsohon nan zai dube shi a gaban mutane ya miƙa masa wata amana mai nauyi ba. Kuma duk gidan babu amanar da ta kai motar.

Baƙa ce, doguwa, kujerunta na fata masu launin madara, irin motar da in ka rufe ƙofarta sai ka daina jin hayaniyar titi. Shekararta goma sha huɗu a hannun Mai Shari'a, ko ƙwarzanen farce babu a jikinta. A gareji take kwana cikin tampol. Tsummanta uku ne, na jiki daban, na gilashi daban, na taya daban, kowanne da ƙusarsa a bango. Bakanike ɗaya ne yake taɓa ta, shi ma sai ya wanke hannu. In hadari ya haɗo, an fasa tafiya ke nan, ko ta mece ce. Akwai kuma wani littafi mai jan bango da ke zaune a aljihun gaban motar, wanda duk juyen mai da aka yi mata, duk tayar da aka canza, duk inda ta je da adadin kilomita, suna ciki da kwanan wata. Sau ɗaya Nagane ya taɓa shiga motar, a baya, kuma sai da Mai Shari'a ya shimfiɗa masa jarida.

To, sai ido ya fara ba tsohon matsala, likita ya hana shi tuƙi kwata-kwata. 'Ya'yansa suka ce a sayar da mota a huta. Kafin a gama shawara labari ya kai kunnen Dillali, wani mai harkar motoci, ya iso ranar Asabar da safe ba gayyata. Ya zagaya motar sau biyu yana taɓe baki, sannan ya kai wa tayar gaba shuri.

Mai Shari'a ya ce, "Me ta yi maka?"

"Ranka ya daɗe, haka muke duba taya."

"Ka duba da ido. Nawa ne ya lalace, ba naka ba."

Dillali ya yi tayinsa. Mai Shari'a ya sa tsumma yana goge wurin da takalmi ya taɓa. Nan ne Nagane, wanda ya zo kawo burodi, ya ga ƙofar da ya yi shekaru yana jira ta buɗe.

"Baba, wannan ai cin fuska ne! Zamanin dillalai ya wuce. Ka ba ni kwana bakwai, in sa ta a intanet, in kawo maka ninki biyu na abin da ya taya. Ba ɗan tsakiya, ba la'ada."

Dillali ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ka taɓa sayar da mota?"

"Na sayar da abin da ya fi mota."

"Kamar me?"

"Shawara."

Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, ya leƙo da almakashi a hannu ya ce, "Mu dai kyauta yake ba mu, kuma ba ma karɓa."

Mai Shari'a ya daɗe yana jujjuya makulli a hannunsa. Sannan ya ce, "Mijin Auta, sharaɗi uku ne. Na ɗaya, ba ta fita ƙofar nan sai da sanina. Na biyu, ba a yi mata ƙarya, abin da take shi za ka faɗa. Na uku..."

"Na gane, Baba, na gane! Kada a ci abinci a ciki. Ka kwantar da hankalinka."

Tsohon ya tsaya da bakinsa a buɗe. Ya dube shi irin kallon da yake yi wa mai ƙara in ya katse kotu. Sai ya ɗauko jan littafin, ya kusanto da shi har hancinsa, ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya rufe, ya miƙa masa makulli. Nagane ya karɓa da hannu biyu, zuciyarsa fari ƙal. Ranar har shagon Tela ya je ya zauna yana kaɗa makullin a yatsa, wai yana ba shi iska.

Washegari aka ɗauki hotuna. Nagane ya sha babbar riga da baƙin gilashi, ya kafa wayarsa a kan bokiti, ya ɗauki hoto ashirin da biyu. Yana cikin ashirin da ɗaya, na ƙarshen kuma yatsansa ne ya rufe rabin motar. Ya rubuta talla kamar haka:

"DAMA TA ƘARSHE! Motar manya, ba ta yara ba. Harsashi ba ya huda ta. Wani babban baƙo daga ƙasar waje ya taɓa zama a cikinta har barci ya ɗauke shi. Ba ta shan mai, sansanawa kawai take yi. In aljihunka bai kai ba, kada ka ƙarar mini da caji."

Kan ka ce me, mutane suka cika ƙasan tallar. Wani ya rubuta, "Motar ake sayarwa ko mutumin?" Wani ya ce, "Malam, matsa mu ga taya." Wata kuma ta tambaya ko akwai ragi in an ɗauke ta ba tare da shi ba. Nagane ya nuna wa Tela yana murmushi, ya ce, "Ka gani? Talla ta karɓu. Duk mai son abu da zolaya yake farawa."

Waya kuwa ba ta huta ba. Na farko ya ce zai ba da babur biyu da firji a yi musaya, firjin yana aiki lafiya in an jingina shi da bango. Na biyu ya zo da kwat da jaka, ya shiga mota, ya ce a kunna masa esi. Awa ɗaya cur ya yi yana amsa waya a kujerar baya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sannan ya fito ya yi miƙa ya ce sanyinta ya yi, zai turo yayansa. Har yau yayan yana hanya.

Ranar Laraba aka samu babban mai saye. Mutum ne kamili, mai furfura a gemu, ya sauka daga tasi da akwati biyu. Ya duba inji, ya jinjina kai, ya ce kuɗin ma bai yi yawa ba. Nagane ya ji kamar ya rungume shi.

"Sai dai ni," in ji mutumin, "ba na sayen mota sai na ji ta a babban titi, da kaya a but. A nan ake gane gaskiyar mota."

"Na gane! Kai ka san mota."

Mai Shari'a ya tafi asibitin ido tare da Auta, gida ba kowa. Nagane ya tuna sharaɗi na ɗaya, ya ce a ransa ai in ciniki ya faɗa sharaɗi ya zama tarihi. Shi ya loda akwatunan da kansa, shi ya ja mota. Mai saye yana baya yana cewa, "Miƙe. Yi dama. Ɗan ƙara wuta mu ji ta." Haka aka yi ta miƙewa ana yin dama, har Nagane ya ɗaga kai ya ga sun tsaya a ƙofar filin jirgin sama.

Mutumin ya duba agogo ya ce, "Madalla, mun zo a kan lokaci. Mota ta yi, ba ƙarya. Zan yi tunani a cikin jirgi." Ya ja akwatunansa ya shige, har da ɗaga hannu.

A hanyar dawowa sama ta ɓalle da ruwa. Motar da shekara goma sha huɗu ko yayyafi bai taɓa ta ba, ta sha shi tun daga filin jirgi har ƙofar gida. Nagane ya shigar da ita gareji, ya goge gilashi da tsumman taya, ya goge jiki da na gilashi, ya ƙarasa da babbar rigarsa. Yana cikin haka sai ga Mai Shari'a. Tsohon ya wuce kai tsaye wajen motar. Ya ciro madubinsa na ƙara girman rubutu, ya sunkuya kan mita.

"Kilomita tamanin da uku."

"Gwaji ne, Baba."

"Ya saya?"

"Yana tunani."

"A ina?"

"A sama."

Tsohon ya shafa rufin motar, ya ji laima a tafinsa. Ya rubuta abin da zai rubuta a littafi, ya kira Auta falo suka rufe ƙofa. Da yamma a gida, tana zaune cikin tarin takardun jarrabawar ɗalibai, ta ce, "Abban yara, Baba ya ce in..."

"Na gane, ya ce in ƙara himma."

"Ba haka ba ne. Ɗazu na shiga gareji na ɗauki..."

"Na gane mana! Kin ɗauko tsummokaran za ki wanke. Allah ya yi miki albarka. Bar ni in yi aiki, kasuwa ba ta jira."

Auta ta dube shi, ta dubi takardunta ɗari da ashirin, ta ga waɗanda suka fi buƙatar ta. Ta ɗauki jan bironta ta ci gaba.

Ranar Juma'a, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika, Nagane yana zaune a bencin Tela yana latsa waya sai ya zabura kamar kunama ta harbe shi. A shafin da ya sa tallarsa, wani ya sa mota irin tasa sak. Launi ɗaya, shekara ɗaya, kujeru ɗaya. Hoto shida ne kawai, gaba da baya da ciki da inji da taya da mita, ba mutum ko ɗaya a ciki, an kuma rufe lamba da wani ƙyalle mai furanni. Bayanin layi uku ne: hannu ɗaya, ba ta taɓa haɗari ba, akwai cikakken tarihin gyara. Kuɗin ya fi na Dillali nesa, amma bai kai na Nagane ba. A ƙasa kuwa mutane ne masu hankali suna tambayar yaushe za a zo a gani.

"Ka ga maƙiyi!" in ji Nagane. "Shi ya sa kasuwata ta tsaya. Wani ne ya ga ina tashe ya fito da tasa gawar."

Tela ya karɓi wayar ya ƙura ido. "Wannan bangon kamar na garejin Mai Shari'a."

"Duk gareji bango ne da shi."

"Ƙyallen nan kuma, wallahi kamar ni na yanka yadin. Na ɗinka wa matarka irinsa."

"Don matata kaɗai kamfani ya buga yadin? Ba ni wayata, yanzu za ka ga aikin masana."

Ya gyara zama, ya rubuta da sunansa da hotonsa, har ya ƙara wa kansa muƙamin ƙwararre kan manyan motoci: "Jama'a, ku yi hattara! Na san motar nan ciki da waje. Ambaliya ta taɓa cinye ta, kwananta uku a ƙarƙashin ruwa, har kifi aka ciro a but. An mayar da mitarta baya. Mai ita wani tsohon macuci ne da ya saba sayar wa bayin Allah gawa. Mai son ta gaskiya ya duba tawa."

Masu zaman benci suka ce mutum ɗaya ai ba ya zama shaida. Nagane ya ce ya gane. Nan take ya buɗe shafuka uku da sunayen bogi. Na farko ya zama bakanike, ya rantse da idonsa ya ga an haɗa gabanta da bayanta da walda. Na biyu ya zama direba, ya ce in ta yi zafi warin kogi take yi. Na uku ya zama wata baiwar Allah da ta ce motar nan ce ta kusa raba ta da mijinta, don burkinta sai an yi masa magiya yake kamawa. Ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, ya ce yau ya kashe kasuwar wani ba ko wuƙa.

Da ya koma gida Auta ta tare shi da labari. "Gobe ƙarfe goma mai saye za ta zo gareji. Likitar haƙori ce, tun jiya ta kira ni, saboda..."

"Na gane! Tallata ta gani, ta ji nauyin kirana kai tsaye, ta biyo ta hannun 'yar'uwarta mace. Ban ce miki kwana bakwai ba?"

Bai tsaya a nan ba. Ya kira Dillali ya ce ya zo ya ɗauki darasi kyauta. Ya gayyaci Tela da duk masu zaman benci. Ya sa aka goge masa babbar riga har da sitati.

Ranar Asabar ƙofar gareji ta cika. Mai Shari'a yana zaune a kujerar roba da jan littafi a cinyarsa, Bakanike yana tsaye ya wanke hannu, Auta na gefe. Nagane yana ta kai da komo yana kaɗa makulli. Ƙarfe goma daidai Likita ta iso, mace mai natsuwa, da wasu takardu a hannu. Ta gaida Mai Shari'a cikin ladabi, ta zagaya motar ba ta taɓa ta ba, ta roƙi izini kafin ta buɗe ƙofa. Da aka ba ta littafin ta yi shafi biyar tana karantawa, fuskar tsohon ta saki a karo na farko cikin satin.

Sai ta ce, "Baba, ka gafarce ni. Ina son a ɗaga kafet, a kuma ciro tayar safaya in sansana but."

"Me kike nema?"

"Taɓo. Ko ƙayar kifi."

Mai Shari'a ya gyara gilashinsa. "Kifi? A motata?"

"Jiya da yamma wani ƙwararre ya yi rubutu a ƙarƙashin talla, mutum uku suka mara masa baya. Na bugo su a takarda." Ta fara karantawa da ƙarfi, tun daga ambaliya har zuwa mita.

Nagane ya fashe da dariya, ya shigo tsakiya yana gyara riga. "Likita, kwantar da hankalinki! Kin haɗa motoci biyu ne. Wannan waccan ce, ta abokin hamayya. Ƙwararren da kike faɗa kuwa, ga shi a gabanki. Ni na rubuta!" Ya juya wajen Dillali. "Ka ga yadda ake janyo mai saye daga hannun wani? Koyi."

Likita ta dube shi, ta dubi hoton da ke takardar. "Kai ne kuwa. To ka tabbata abin da ka rubuta gaskiya ne?"

"Ko a kotu zan maimaita! Da hannuna na riƙe kifin. Mai motar kuwa tsohon macuci ne, kowa ya san shi."

Auta ta ƙwace takardar daga hannun Likita. Sati guda tana fama da jarrabawa, kira kawai take amsawa, ba ta leƙa ƙasan tallar ba. Ta karanta, ta ɗora hannu a ka.

"Abban yara, ka kashe mu. Ni na sa tallar nan. Baba ne ya ce in sa ranar Laraba. Sau biyu ina faɗa maka kana cewa ka gane. Motar nan ce, ba wata ba!"

Daga baya muryar Tela ta taso: "Na ce maka ni na yanka yadin."

Dariyar Nagane ta tsaya a rabi, bakin ya ƙi rufuwa. Gumi ya keto masa har sitatin riga ya saki. Ya dubi ƙofa, mutanen da ya gayyato da kansa sun toshe ta.

Mai Shari'a ya miƙe a hankali. Shekara tara rabonsa da zaman kotu, amma muryar tana nan inda ya ajiye ta.

"Mijin Auta, matso. Magana biyu ce a gabanmu. Ko dai motata ta kwana uku a ruwa ni kuma macuci ne, ko kuma kai maƙaryaci ne. Zaɓi ɗaya, jama'a su ji."

"Baba, dabara ce ta kasuwa, wato in an..."

"Ɗaya."

"Na biyun."

"Ban ji ba. Idona ne ya mutu, amma yau kunnen ma yana son a ɗaga murya."

"Ƙarya na yi, Baba!"

"Bakaniken da ya ga walda fa?"

"Ni ne."

Bakanike na gaskiya ya sauke ajiyar zuciya, don tun ɗazu mutane suke yi masa wani irin kallo.

"Direba mai jin warin kogi?"

"Ni ne."

"Matar da ta kusa rabuwa da mijinta?"

Nagane ya sunkuyar da kai. "Ni ce."

Ƙofar gareji ta kece da dariya, Dillali har ya zauna a ƙasa yana cewa darasi ya yi, a ƙara masa. Ana cikin haka wayar Nagane ta yi ƙara, ya zaro ta don ya kashe, garin sauri ya danna lasifika. Muryar mai furfura a gemu ta cika wurin: "Malam, na dawo, ina filin jirgi. Na yi tunani, ina son in sake jin ta sau ɗaya. Akwati uku ne wannan karon."

Sai da aka ba Tela ruwa.

Likita dai ba ta yi dariya ba. Ta sa Bakanike ya ɗaga kafet, ta ga ƙasan tas kamar ranar da aka ƙera. Ta ce, "Baba, tambaya ta ƙarshe. Tsakaninka da Allah, ta taɓa haɗari?"

"Sau ɗaya, cikin satin nan. Ga shi nan tsaye cikin babbar riga."

Ta ce ta saya a yadda Auta ta rubuta, da sharaɗin ƙwararre zai koma ƙarƙashin tallar ya wanke motar da sunansa, shi da mutanensa uku. Nan a tsaye Nagane ya rubuta, Likita tana duba masa kuskure. Sannan Mai Shari'a ya miƙa tafin hannu. Nagane ya sa masa makulli a ciki, makullin da sati guda ko wanka zai shiga yana rataye a wuyansa.

"Littafin nan zai bi motar," in ji tsohon, "amma akwai shafi ɗaya da ban gama da shi ba. Idona ba ya gani. Buɗe Asabar da ta wuce, ka karanta mana."

Nagane ya buɗe. Rubutun manya-manya ne, ya karkace saboda rashin ido. Ya karanta da murya ƙasa-ƙasa:

"An ba mijin Auta makulli. Bai bari na faɗi sharaɗi na uku ba, ga shi na rubuta. Ba na son in sayar da ita. In ya riƙe ta kwana bakwai yadda nake riƙe ta, a bar maganar ciniki. Shi zai riƙa tuƙa ni, in na kwanta dama ta zama tasa."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Auta ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. Nagane ya sake bin layukan da ido, ko za su canza, ba su canza ba. Abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana nema, ashe sati guda yana kwance a aljihun gaban motar, shi kuma yana zaune kusa da shi yana kaɗa makulli.

Mai Shari'a ya ce, "Ka gane?"

Nagane ya buɗe baki, ya rufe. Tunda aka san shi, ranar ce kaɗai aka yi masa wannan tambaya ya rasa amsa.

Shi aka sa ya buɗe ƙofa. Likita ta ja motar a hankali, tsummokara uku na ninke a kujerar gaba, ta bi ta gabansa ta hau titi ko ƙara babu. Mai Shari'a ya tsaya yana kallon inda ba ya iya gani har sai da Bakanike ya ce masa ta sha kwana. Sannan ya juya, ya lalubi hannun 'yarsa.

"Auta, jibi ina da ganin likitan ido. Ki ce wa mijinki ya samo mana tasi. Ki faɗa masa a hankali, ki kuma tabbata ya ji har ƙarshe."